Daga Agbonmagbe Zuwa Wema: Tarihin Bankin 'Yan Ƙasa Mafi Tsawon Rai

Ran 2 ga watan Mayu na shekarar 2025 bankin nan da ake kira Wema ya cika shekara 80 da kafawa. Duk wanda ya saba bin titin Marina a Ikko ya san dogon benen hedkwatarsa, haka kuma 'yan Arewa mazauna Badun, da Shagamu, da Abekuta sun saba ganin rassansa a kusa da kasuwanni. Amma ba kowa ne ya san asalinsa ba. Wannan banki dai wani Bayarabe ne ya kafa shi a matsayin kamfani mai zaman kansa, a zamanin da harkar banki duk tana hannun Turawa, ana kuma ganin baƙar fata ba zai iya riƙon amanar kuɗin jama'a ba.

Cikin bankunan da 'yan ƙasa suka kafa a zamanin mulkin mallaka, shi kaɗai ne ya rage yana aiki har yanzu. Sauran duk sun rushe, ko kuwa waɗansu sun haɗiye su, sunayensu sun ɓace. Saboda haka labarinsa yana da amfani ga duk mai neman abinci a Kurmi, wanda kullum yake cikin tunanin inda zai ajiye ɗan abin da ya tara, da yadda zai aika da shi gida lafiya.

ZAMANIN BANKUNAN TURAWA

A shekarar 1894 aka kafa Bank of British West Africa a Ikko, watau bankin da yau ake kira First Bank. A 1925 bankin Barclays ya karɓi harkokin wani tsohon banki mai suna Colonial Bank, shi ne kuwa ya zama Union Bank a 1979. Waɗannan bankuna biyu su suka riƙe ƙasar nan shekara da shekaru. Aikinsu shi ne ajiye kuɗin gwamnatin mulkin mallaka, da biyan bukatun manyan kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa, da auduga, da koko, da manja.

Ba su ƙi karɓar ajiyar baƙar fata ba. Ana ba da labarin yadda marigayi Alhassan Ɗantata ya kai raƙuma 20 ɗauke da kuɗin azurfa lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929. Inda gizo yake saƙar shi ne wajen rance. Ɗan kasuwa baƙar fata zai kai ajiya a karɓa da hannu biyu, amma ran da ya nemi rance don ya sayo kaya, sai manaja ya nemi ya kawo jinginar da ba shi da ita, ko kuwa a ce masa ba a san shi ba. Kuɗinsa da ya ajiye su ake ranta wa kamfanin da ke gasa da shi a kasuwa.

Wannan ne ya sa 'yan boko da 'yan kasuwar Ikko suka fara ƙoƙarin kafa nasu. Na farko, Industrial and Commercial Bank, an buɗe shi a 1929, bai yi nisa ba ya rushe a 1930. Na biyu, Nigerian Mercantile Bank, ya fito a 1931, ya mutu a 1936. Sai a 1933 aka sami wanda ya tsaya da ƙafafunsa, watau National Bank of Nigeria, wanda su Dokta Akinola Maja, da Cif T. A. Doherty, da Mista H. A. Subair suka kafa.

CIF OKUPE DA GARURUWAN GORO

Ana cikin wannan hali, Yaƙin Duniya na Biyu yana gab da ƙarewa, sai Cif Mathew Adekoya Okupe, mutumin Iperu ta ƙasar Remo, ya yi rajistar bankinsa ran 2 ga watan Mayu, 1945. Ya sa masa suna Agbonmagbe, sunan gidan sarautar da ya fito a Iperu. Shi ne mahaifin Dokta Doyin Okupe, wanda ya yi wa Shugaba Obasanjo da Shugaba Jonathan aikin watsa labarai, ya kuwa rasu a watan Maris na 2025.

In mai karatu ya dubi wuraren da Cif Okupe ya fara buɗe rassa, zai gane irin mutanen da yake nema. Ya buɗe a Ebute Metta, da Shagamu, da Abekuta, da Ijebu-Igbo. Ebute Metta nan ne hedkwatar reluwe, kusa da tashar Iddo inda jirgin Kano yake ƙare tafiyarsa, unguwa ce ta ma'aikata masu albashi da mata 'yan kasuwa. Shagamu kuwa ba sai an gaya wa Bahaushe ba, garin goro ne, daga nan ake ɗaure huhu ana lodi zuwa Arewa. Abekuta da Ijebu-Igbo garuruwa ne na manoma da masu sayen amfanin gona. Watau dai ya bar wa Turawa manyan kamfanoni, ya bi ƙananan mutane har inda suke.

Ƙarfin irin wannan banki sanayya ce. Manajan ya san mai neman rance, ya san gidansu, ya san gonarsa ko rumfarsa, ya kuma san ko mai cika alkawari ne. Abin da Bature zai nemi takarda a kansa, shi ya riga ya sani tun daga gida. Mai ajiya kuma yana magana da akawu da harshensa, ba ya jin tsoron shiga.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Hausawan Kurmi, don kuwa su ma da irinsa suka riƙe cinikin shanu da goro. Tun da aka kafa Sabo ta Badun a 1916, maigida shi ne bankin fatake. Shi ke saukar da baƙo, shi ke ajiye masa kuɗi, dillalansa ke sayar da shanu bashi ga mahautan gari, in kuwa mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai cika daga aljihunsa, don kada sunansa ya ɓaci a Arewa. Bambancin kawai shi ne, Cif Okupe ya ɗauki wannan amana ya sa ta cikin littafi, ya yi mata rajista, ya ɗauki ma'aikata, ta yadda za ta iya rayuwa ko bayan ransa.

GUGUWAR 1952

Bayan yaƙi kuɗi suka yawaita a hannun jama'a, ga sojoji sun dawo daga Bama da ɗan abin hannunsu, ga amfanin gona ya yi daraja. A lokacin kuwa babu wata dokar banki a Nijeriya. Duk wanda ya iya biyan kuɗin rajistar kamfani, ya kama hayar ɗaki, ya rataya allo, ya zama mai banki. Nan da nan bankuna suka yi ta tsirowa a Ikko da Badun kamar ciyawar damina. Dokta Nnamdi Azikiwe ma a wannan lokaci ne ya kafa African Continental Bank.

Ya kamata a bayyana yadda banki yake mutuwa, domin abin bai sake ba har gobe. Kuɗin da ke cikin banki iri biyu ne. Akwai jari, watau kuɗin masu bankin, akwai kuma ajiya, watau kuɗin jama'a. Banki yana ranta ajiyar jama'a ga waɗansu ya ci riba, yana barin kaɗan a akwati saboda masu zuwa ɗiba yau da gobe. In wanda aka ranta wa ya kasa biya, daga jari ake cike giɓin. To, in jarin ƙanƙane ne, rancen kuma masu bankin ne suka ba kansu da 'yan'uwansu ba jingina, bashi biyu ko uku suka maƙale, shi ke nan an fara cin kuɗin jama'a. Da zarar labari ya fita, kowa ya sheƙo ya ɗebi nasa, sai a tarar akwati wayam.

Haka ta faru. Gwamnati ta sa wani Bature, Mista Paton, ya binciki al'amarin a 1948, daga rahotonsa ne aka yi dokar banki ta farko a 1952. Dokar ta ce ba mai buɗe banki sai da lasin, kuma bankin 'yan ƙasa sai ya nuna jarin da aka biya na fam 12,500, na ƙasashen waje kuwa fam 100,000. Aka ba tsofaffin bankuna wa'adin shekara 3 su cika sharuɗɗa. Kafin wa'adin ya cika, bankunan 'yan ƙasa fiye da 20 sun rushe, har da wani babba mai rassa da yawa, Nigerian Farmers and Commercial Bank. Talakawa da yawa suka yi asarar abin da suka tara, ba kuwa wanda ya biya su ko anini, domin a lokacin babu hukumar da ke lamunce ajiya.

Uku ne suka yi tsawon kwana daga cikin bankunan wannan zamani: National Bank, da African Continental Bank, da Agbonmagbe. Na ukun shi ne ƙaraminsu.

YADDA YA FITA DAGA HANNUN MAI SHI

Abin da ya taimaki waɗannan uku shi ne gwamnatocin jihohi. A 1954 aka raba hukumomin cinikin amfanin gona, kowace jiha ta sami tata. Hukumar Ciniki ta Jihar Yamma ita kaɗai ke da ikon sayen koko ta sayar a ƙasashen waje, kamar yadda ta Arewa take yi da gyaɗa da auduga, saboda haka rarar kuɗi mai yawa ta taru a hannunta. 'Yan siyasar da suka karɓi mulkin jihohi suka ga bai kamata a bar wannan dukiya a bankunan Turawa ba. Gwamnatin Yamma ta tallafi National Bank da Agbonmagbe, ta Gabas ta tallafi African Continental Bank. A Arewa kuwa, da yake babu wani bankin ɗan ƙasa da za a tallafa, sai gwamnatin Sardauna ta sa hannu aka kafa Bank of the North a jajibirin samun mulkin kai.

Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin gwamnati sun zo da siyasa. A 1956 aka kafa kwamitin bincike na Foster-Sutton a kan dangantakar Dokta Azikiwe da bankinsa, a 1962 kuma kwamitin Coker ya binciki yadda aka sarrafa kuɗin hukumomin Jihar Yamma.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga watan Yuli, 1959, daga nan sa ido ya ƙaru. A 1962 aka ɗaga mafi ƙarancin jarin bankin 'yan ƙasa daga fam 12,500 zuwa fam 250,000, aka ba da wa'adin shekara 7. Wannan ninki 20 ke nan, abin da ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya mai banki a garuruwan manoma. Da wa'adin ya cika a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, sai Hukumar Ciniki ta Yamma ta karɓi bankin, aka sake masa suna. Kalmar Wema ma daga farkon kalmomin sunan hukumar na Turanci aka ciro ta.

Ta haka Cif Okupe ya rabu da bankin da ya rena shekara 24. Ya rasa mallaka, amma masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, ma'aikata ba su rasa aikinsu ba.

ZAMANIN GWAMNATI DA NA KASUWA

Da Janar Murtala Muhammed ya ƙara jihohi a 1976, Jihar Yamma ta rabu uku, Oyo da Ogun da Ondo. Maimakon su yayyaga dukiyar da suka gada, sai suka kafa kamfanin Odu'a ya riƙe musu ita a dunƙule, hannun jarin Wema yana ciki. Shekarun nan na arzikin man fetur ne, Babban Banki kuma ya fito da shirin kai bankuna ƙauyuka a 1977, saboda haka rassa suka yi ta ƙaruwa a ƙasar Yarbawa. A 1987 bankin ya zama kamfanin da kowa zai iya sayen hannun jarinsa, a 1990 kuwa aka sa shi a kasuwar hannun jari ta Ikko.

Wannan mataki ya zo a kan kari. Bayan da gwamnatin Janar Babangida ta sassauta ba da lasin daga 1986, yawan bankuna ya haura zuwa wajen 120, mafi yawansu ba abin da suke yi sai cinikin kuɗin ƙasashen waje. Aka koma gidan jiya. Bankunan gwamnatocin jihohi su suka fi shan wuya, don gwamnoni suna cin bashi ba su biya, ana kuma naɗa shugabanni saboda siyasa. National Bank, yayan Wema, ya durƙushe har hukuma ta karɓe shi a 1992. A watan Janairu na 1998 aka rufe bankuna 26 a rana ɗaya. Wema ya tsallake.

Sai kuma babbar jarrabawa. A watan Yuli na 2004 Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ce kowane banki ya kai jarinsa Naira miliyan dubu 25, watau biliyan 25, kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Bank of the North ya shiga cikin bankuna 9 da suka haɗu suka zama Unity Bank. African Continental Bank ya narke cikin Spring Bank, wanda daga baya ya zama Enterprise, Heritage ya saye shi, shi ma Heritage aka soke lasinsa a watan Yuni na 2024. National Bank kuwa, wanda ya girmi Agbonmagbe da shekara 12, ya kuma fi shi girma nesa ba kusa ba a zamanin da, Wema ne ya haɗiye shi.

JANYEWA DAGA AREWA

Haɗiyar ba ta zo da sauƙi ba. Ba a jima ba bankin ya sami kansa cikin rigingimun shugabanci da tarin bashin da ba a biya ba. A 2009 sababbin masu jari suka shigo, aka naɗa Mista Segun Oloketuyi shugaba. A shekarar nan ce Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi ya zama Gwamnan Babban Banki, ya binciki littattafan bankuna duka, ya sauke shugabannin waɗansu, Wema da Unity kuwa aka umurce su su ƙaro jari.

A 2010 aka raba lasin banki gida uku. Na shiyya yana bukatar Naira miliyan dubu 10, na ƙasa baki ɗaya miliyan dubu 25, mai rassa a ƙasashen waje miliyan dubu 50. Shugabannin Wema suka dubi aljihunsu, suka zaɓi mafi ƙanƙanta. Suka tsaya ga jihohin Yarbawa, da jihohin yankin Neja Delta, da Abuja, suka rufe rassansu na Arewa da na ƙasar Ibo. Wannan ya taɓa 'yan Arewa masu ajiya a can, don mutumin da ya saba zuba kuɗi a Ikko ɗan'uwansa ya karɓa a reshen gida, dole ya nemi wata hanya.

Mutane da yawa sun ɗauka mutuwa ce ta zo. Ashe ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Bankin ya koma ƙasar da aka san shi, ya shekara 5 yana karɓo bashi yana gyara littattafansa, a ƙarshen 2015 ya sake samun lasin na ƙasa baki ɗaya, ya fara komawa Arewa. A watan Mayu na 2017 ya fito da ALAT, tsarin da mutum zai buɗe asusu ta wayar hannu ba tare da ya taka ƙafa zuwa reshe ba, abin da ya jawo masa matasa masu yawa. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin bankin ƙasa baki ɗaya zuwa Naira miliyan dubu 200, a 2025 kuwa Wema ya ba da sanarwar ya cika, bayan ya sayar da ƙarin hannun jari.

Sai dai fa duk wannan girma yana da farashinsa. Bankin da ya fara da manajan da ya san kowa da sunan ubansa, yau na'ura ce take duba lambar mutum ta yanke hukunci. Mai rumfa a kasuwar Shagamu da ba shi da takardar fili, kusan yana nan inda kakansa yake a gaban manajan Bature.

BANKUNAN AL'UMMA

Gwamnati ta taɓa ƙoƙarin cike wannan giɓi. A watan Oktoba na 1989 aka buɗe People's Bank a Ajegunle don ba talakawa rance ba jingina, aka ɗora Dokta Tai Solarin, mutumin Ikenne maƙwabciyar Iperu, a kan shugabancinsa. A watan Disamba na 1990 kuma aka buɗe bankin al'umma na farko a Nijeriya, watau Alheri Community Bank, a Tudun Wada ta Kaduna. Wanda ya shugabanci hukumar kula da waɗannan bankuna shi ne Farfesa Akin Mabogunje, Bayarabe haifaffen Kano.

Tsarin ya yi kama da abin da Cif Okupe ya fara, amma an gyara wurin da ya sami rauni. Mutanen gari ko unguwa su za su tara jarin Naira 250,000, ƙungiyar ci gaban gari ta riƙe kaso babba, a kuma hana mutum ɗaya ya mamaye. Bankin ba ya buɗe reshe a wani gari, kuma mutuncin mai neman rance shi ne jinginarsa. Kafin tsakiyar shekarun 1990 an sami irinsu fiye da 1,300.

Da yawa ba su yi ƙarko ba. Waɗansu sun ajiye kuɗinsu a manyan bankunan da suka rushe, waɗansu kuwa shugabanninsu ne suka ranta wa kansu, cutar 1952 ke nan ta dawo. A watan Disamba na 2005 Babban Banki ya ce duk su rikiɗe su zama ƙananan bankunan ba da rance, da jarin Naira miliyan 20, kafin ƙarshen 2007. A watan Satumba na 2010 ya ba da sanarwar soke lasin 224 daga cikin irin waɗannan ƙananan bankuna. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda masu su suka riƙe littafi da gaskiya, suka kuma yarda a bincike su.

ABIN DA YA SHAFI ƊAN AREWA A KURMI

Har yanzu akwai masu ganin gara su ɗaure kuɗinsu a lalita, ko su binne a rumfa, ko su bar wa maigida. In aka dubi tarihin da ya gabata, ba za a ce tsoronsu ba shi da dalili ba. Amma ajiyar gida ita ma tana da nata tarihin. An sake kuɗi a 1968, da 1973, da watan Afrilu na 1984 lokacin da aka rufe kan iyaka aka ba da wa'adin da bai wuce mako biyu ba, sa'an nan da 2022 zuwa 2023. Kowane karo masu tsabar kuɗi a hannu su suka fi shan wahala. Rikicin Shagamu na watan Yuli 1999, da na Mile 12 a 2016, da na kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, duk sun nuna cewa in wuta ta tashi, kuɗin da ke cikin rumfa tare da rumfar suke tafiya, wanda ke cikin asusu kuwa mai shi zai same shi ko ya gudu Sakkwato.

Wani bambanci da zamanin 1952 shi ne hukumar NDIC da aka kafa a 1988 don lamunce ajiya. Daga 2024, in babban banki ya rushe, tana biyan kowane mai ajiya har Naira miliyan 5, in ƙaramin bankin rance ne har Naira miliyan 2. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin tukuna. Wannan lamuni kuwa bai shafi masu karɓar kuɗin jama'a ba lasin ba, irin waɗanda ke alkawarin ninka wa mutum kuɗinsa cikin wata guda. Saboda haka kafin mutum ya miƙa ko sisi, ya tabbata wurin yana da lasin Babban Banki. Ya buɗe asusun da sunansa na gaskiya wanda ke kan katinsa, kada ya ari na wani, ya kuma sanar da magadansa, don dukiya da yawa ta maƙale a bankuna saboda mai ita ya rasu a baƙunta ba wanda ya san da ita. Masu gudun kuɗin ruwa su ma yanzu suna da mafita, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus kuma a 2021.

Saura magana ɗaya, ita kuwa ta sarakunan Hausawa ce da shugabannin kasuwannin shanu, da goro, da gwari, da hatsi. Dukiyar da ke ratsa hannun 'yan Arewa a Mile 12, da Oko-Oba, da Bodija, da Shagamu kowace rana ba kaɗan ba ce. Adashi yana nan, amana tana nan, sanin juna yana nan, watau duk abin da Cif Okupe ya fara da shi. Bisa ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2019, jarin da ake nema don buɗe ƙaramin banki na gari guda Naira miliyan 50 ne a karkara, miliyan 200 a cikin birni, kuɗin da 'yan tirelolin shanu kaɗan za su biya. Abin da ya fi jarin wuyar samu shi ne mutanen da za su yarda a rubuta kowane kwabo, su bar mai bincike ya buɗe littafi, su kuma iya hana kansu da 'yan'uwansu rancen da ba za a biya ba. Bankunan da suka rasa irin waɗannan mutane a 1952, da 1998, da 2010, ba ko ɗaya da ya kai labari.